Kwandon Ƙarƙashin Teburin Yanka

Litinin, bayan an tashi daga aiki

An kawo mana malamar da za ta gaya mana halinmu. Haka Ɗan Maigida ya faɗa da bakinsa a taron safe. Wai kamfani kamar mutum ne, yana da ɗabi'a, kuma tamu ba a rubuce take ba, shi ya sa ya ɗauko ƙwararriya ta zo ta gano ta. Tun mahaifinsa yana da ƙarfin hawa bene nake ɗinka yunifom a gidan nan, yau ni ce shugabar layin riguna, amma sai baƙuwa ta zo da allo da alƙaluma kala-kala ta faɗa mini ko ni wace ce. To, madalla.

Kafin azahar Dogo mai guga ya raɗa mata suna Mai Allo. Ta tara mu a tsakanin kekuna ta ce kowa ya faɗi dabbar da kamfanin nan ya fi kama da ita.

Dogo ya ce, "Jaki, Malama."

Ta ce, "Saboda juriya ko?"

Ya ce, "To, a bar shi a hakan."

Ta rubuta juriya da jan alƙalami. Yaya ta dulmiya kanta cikin rigar da ke hannunta, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ba uwa ɗaya ta haife mu da Yaya ba, amma ita ta riƙe hannuna ranar da na fara taka keke, kuma kowa a layin haka yake kiranta. Wuyan riga take haɗawa, aikin da ya fi kowanne cin ido.

Laraba, da yamma

Mai Allo ta wuni a layina. In faɗi gaskiya ba ta da girman kai, har ruwa ta ɗebo wa mai yanka. Ta tambaye ni, "Anti, mene ne kuke yi a nan wanda ba a yi a wani wuri?" Sai idona ya kai ga kwandon.

Tsohon kwando ne a ƙarƙashin teburin yanka, can lungu inda fitila ba ta kaiwa. Duk wanda ya ɓata riga, ya karkace aljihu ko ya haɗa hannu a juye, sai ya wuce kamar za shi banɗaki ya sake ta a ciki. In ka ga mutum ya nufi wajen, kai kuma sai zarenka ya tsinke ka duƙufa kan allura. Lokacin hutu wanda hannunsa ya sarara ya ɗauko ɗaya, ya farke, ya gyara, ya mayar cikin aiki. Ba a tambayar ta wa ce, ko an gane hannun mai ita ba a faɗa. Ba wanda ya kafa wannan doka, mun taras ana yi ne. Dogo yakan ce kwandon nan ya fi likita rufa asiri.

Na ba ta labarin ina jin daɗi, har da kwaikwayon tafiyar mai zuwa banɗaki. Ta dafe ƙirji ta ce, "Anti, kin san abin da kika ba ni kuwa? Wannan shi ne zuciyar kamfanin." Na dawo gida kaina a kumbure. Baban yara ya tambaye ni ko an ƙara mini girma ne, na ce an dai gane darajarmu.

Jumma'a, da safe

An ɗauke kwandon.

Litinin, lokacin hutu

Ya dawo, ko in ce an dawo da gawarsa. An shafa masa koren fenti, an ɗora shi a kan tebur a tsakiyar ɗakin ɗinki, a ƙarƙashin fitila mafi haske, an liƙa masa suna Kwandon Gaskiya. Daga yau kowace safiya za mu yi da'ira a kewaye da shi. Wanda ya yi kuskure jiya zai fito tsakiya da rigar, ya faɗi abin da ya yi da abin da ya koya, ya saka ta a ciki, mu kuma mu tafa masa.

Ɗan Maigida ya ce, "Ba abin kunya ba ne. Mu iyali ɗaya ne. Ku ma daina ce mini yallaɓai, kuma ƙofata a buɗe take ga kowa." Ƙofar tasa a rufe take tun ranar da aka sa masa na'urar sanyi, amma ba komai.

Sai ya kira ni gaba. Ni ce Jakadiyar Al'adar Kamfani. Aka ba ni riga ruwan ɗorawa mai rubutu a baya. Gidan ɗinki guda, amma rigar daga waje aka sayo ta, wuyanta a karkace. Yaya ta shafa wuyan da yatsa ta ce, "Wannan ita ya kamata ta fara shiga kwandon." Na yi dariya. Na kuma sa rigar, ba zan ce ban sa ba.

Aka yi da'irar. Ba wanda ya fito. Kowa yana kallon takalminsa.

Alhamis, da hantsi

Tun Litinin ba wanda ya fito. Mukan tsaya kamar masu jiran mota, Mai Allo tana murmushi har kumatunta su gaji, sannan a watse.

Ɗan Maigida ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce, "Anti, jakadiya ai jan mutane take yi. Mutum ɗaya muke nema ya buɗe hanya, wanda kowa yake ganin girmansa. In babba ya fito, yara za su biyo." Na ce ni zan fito. Ya ce a'a, ni shugaba ce, za a ce shiri ne. Bai ambaci sunan kowa ba, kuma ban tambaya ba. Mu biyun mun san mutum ɗaya ce a layin nan da in ta ce fari kowa zai ce fari.

Alhamis, bayan magariba

Mun taho tare da Yaya har bakin titi. Mun yi maganar fitowa da'ira. Ta yi mini tambaya ɗaya, na ba ta amsa. Ta ce, "To, tunda ke kika faɗa, ƙanwata."

Ba na son rubuta sauran. Kaina ke ciwo.

Jumma'a, da yamma

Yaya ta fito. Ta riƙo rigar ma'aikatan asibiti da hannu bibbiyu kamar mai miƙa jariri, ta ce, "Wuyan nan na haɗa shi gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Idona ne, da yamma yakan yi mini hazo. Abin da na koya shi ne in matso kusa da taga." Ta saka a kwando.

Na fara tafi, kowa ya ɗauka. Mai Allo har da ƙwalla. Ɗan Maigida ya ɗauki hotonta da wayarsa ya ce wannan ita ce jarumtar da yake nema. Ni ma zuciyata ta yi fari, na ce a raina watakila abin zai yi kyau.

Da muka koma kan kekuna Dogo ya wuce ta bayana da tulin riguna, ya ce ƙasa-ƙasa, "Jakadiya, maganar idon nan da ba ta fita ba." Na ce ya je ya ji da gugarsa.

Talata, lokacin hutu

An manna hoton Yaya a bango, babba, kusa da agogo. A ƙasa an rubuta Gwarzuwar Gaskiya. Ta ce in roƙa mata a ba ta guda ta kai wa mijinta ya gani, tunda shi a kwance yake, ba ya fita ko ƙofar gida.

Ba wanda ya biyo ta. Babba ta fito, yara sun noƙe. Ita kaɗai take fitowa, don ita in ta ce za ta yi abu ba ta san a yi rabi ba. Jiya wuya, yau ma wuya. Tafin ma ya fara yin sanyi, sai na ɗaga hannuwana sama kafin a taya ni.

Da, kafin hutu kwandon yakan cika har ya tumbatsa. Yanzu rigar Yaya ce kaɗai a gindinsa. Shin mutum talatin ne suka wayi gari hannunsu ya daina kuskure? Tambayar da ba wanda ya yi ke nan, ni ma ban yi ba.

Alhamis, da azahar

Ɗan Maigida yana ta fara'a. Wai tunda aka fara da'ira kuskure ya kusa ƙarewa a gidan nan. Ya ce Mai Allo ta yi abin da mahaifinsa ya kasa yi tsawon rayuwarsa.

Na shiga sito neman zare fari. Kwalayen odar asibiti suna jere, an ninke riguna an danne. Na ɗaga rigar da ke sama, lafiya lau. Na zura hannu tsakiya na zaro ɗaya, aljihunta a karkace.

Na mayar da ita yadda na same ta. Na ɗauki zarena na fito.

Ba ni na ɗauke kwandon daga lungunsa ba. Labari kawai na bayar.

Asabar, da safe

Baban yara ya ce kwanan nan ko gishiri ya yi yawa a miya sai in ce ba ni ba ce. Wasa yake yi. Na tashi na bar masa ɗakin.

Talata, da la'asar

Motar da ta kai kaya ta dawo da su. Duka. Direba ya sauke kwalayen a tsakar kamfani. Kekuna suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Ban san me aka faɗa wa Ɗan Maigida a waya ba. Mun dai ji muryarsa ta cikin ƙofar nan da take a buɗe ga kowa, yana ta ba da haƙuri.

Laraba, bayan an tashi

Yau ba a yi da'ira ba, taro aka yi. Aka zazzage kwali ɗaya a kan teburin yanka. Aljihu a karkace, maɓalli ba ya fuskantar ƙofarsa, hannu a juye, ɗinki ya tattare. Kowa a ɗakin yana iya nuna tasa da ido a rufe. Na gane hannun mutum bakwai ko takwas a wurin. Akwai wuya ma, guda biyu ko uku, ba zan ɓoye ba.

Ɗan Maigida ya ɗaga ɗaya daga cikin masu wuyan. Ita ya zaɓa. Ya ce cikin sanyin murya, "Ba neman mai laifi nake yi ba. Amma mun gina wurin da kowa yake faɗin kuskurensa, kuma duk mun ga inda kuskuren yake fitowa." Bai kalli Yaya ba. Bango ya kalla, wajen agogo. Sai kowa ya kalli bangon.

Na jira wani ya ce aljihun nan nawa ne. Na jira mai maɓalli, na jira mai hannu. Waɗannan mutanen Yaya ta farke musu riguna lokacin hutu tana cin abincinta da hannu ɗaya, ba ta taɓa ɗaga ido ta nuna ta gane ba. Yau kowa ya zama kurma. Wallahi na tsane su a lokacin nan, dukansu.

Yaya ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta ta mayar. Shi ke nan abin da ta yi.

Alhamis, da safe

Ba ni na ɗauke kwandon ba.

Alhamis, da yamma

Na shiga ofis ba tare da an kira ni ba. Na ce, "Yallaɓai, rigunan nan ba na mutum ɗaya ba ne. Mai haɗa wuya ba ta taɓa aljihu."

Ya ce, "Na ce a daina yallaɓan nan, Anti. To, na waye? Faɗa mini."

Na kau da kai.

Ya ce, "Kin gani? Ni da abin da na sani zan yi aiki. Ita da bakinta ta ce idonta yana hazo, a gaban kowa. Masu odar nan suna son su ji matakin da muka ɗauka, in ba haka ba kwangilar ta tafi, in ta tafi kuma ba mutum ɗaya zai tafi gida ba." Sai ya gyara zama ya ce, "Ke kuma kayan nan ta sito suka bi kafin su fita. Ba ki lura da komai ba?"

Na ce aikin sito ba nawa ba ne.

Ya ce, "Haka ne." Ya yi murmushi, ya miƙo mini ruwan sanyi. Ban sha ba, amma na karɓa.

Jumma'a, lokacin hutu

Na tare Mai Allo tana naɗe takardun allonta. Aikinta ya ƙare yau, wani kamfanin yana jiranta. Na gaya mata abin da ake shirin yi wa Yaya. Fuskarta ta canza, ta ce, "Subhanallahi, Anti, ba haka tsarin yake ba. An gina shi ne don a kare mai faɗin gaskiya." Na ce to ta shiga ta faɗa masa. Ta ce za ta saka a cikin shawarwarinta na ƙarshe. Ta rungume ni, turarenta ya bi ni har gida.

Na yarda ba muguwa ba ce. Ta ga abu yana numfashi a lungu, ta fito da shi rana don kowa ya gani, ta tafi. Mu aka bari da wari.

Dogo ya same ni a bakin famfo. Ba wasa a fuskarsa, abin da ban saba gani ba. Ya ce, "In mutum ɗaya ya ce aljihun nasa ne, gobe shi ne a bango. Kowa yana da masu cin abinci a gida." Na ce Yaya fa, ba ta da su? Ya ce, "Ai shi ya sa da can ba ma tambaya." Ya wanke hannunsa ya tafi.

Lahadi, da hantsi

Na shirya zan je gidan Yaya. Na kai har kwanar layinsu, na hango tabarmar mijinta a shanye a kan katanga. Na tsaya na sayi sabulun da ba na buƙata a shagon kwanar, na juyo.

Me zan ce mata? Tambaya ɗaya ta yi mini ranar nan a bakin titi, ko abin ba zai zame mata matsala ba.

Talata, da azahar

Ba kora ba ce, in ji Ɗan Maigida. Hutu ne na girmamawa aka ba Yaya, don lafiyar idonta. Za a yi mata taron ban kwana ranar Jumma'a, kuma jakadiya ce za ta shirya. Ya ce a yi shi da kyau, don a ga yadda muke riƙe namu.

Yaya tana zuwa aiki kamar kullum. Ta ja kekenta kusa da taga. Tana gaishe ni, ina amsawa. Ba ta ƙara ce mini ƙanwata ba, Shugaba take cewa.

Laraba, da yamma

Na sayo lemo da biskit. Na sa an goge tebur.

Jumma'a, bayan magariba

An yi.

Aka yi da'ira, aka sa Yaya a tsakiya. Ɗan Maigida ya yi magana mai tsawo a kan amana da iyali, ya ce sunanta zai daɗe a gidan nan. Ya miƙa mata hotonta na bango an sa shi a gilashi, da agogon bango a kwali. Wadda aka ce ba ta gani ita aka ba agogo. Mutane suna riƙe da lemo ba wanda ya buɗe.

Ya ce, "Yaya, ko akwai abin da za ki bar mana?"

Ta ajiye kayan a kan tebur. Ta gode wa mahaifinsa, ta ce a gaishe shi. Ta ce da masu ɗinki su riƙa sa wa kekenta mai, yana da taurin kai da safe. Na ɗauka ta gama. Sai ta juyo ta dube ni, ba faɗa, ba ɗaga murya, kamar tana tambayata lambar zare.

Ta ce, "Shugaba, ke kika ce in tashi tsaye ba abin da zai same ni. Na tashi. Yanzu sai ki nuna mini inda zan zauna."

Rigar nan ruwan ɗorawa ta manne mini a baya don gumi. Ta jira ni, wallahi ta jira, ta ba ni lokaci kamar yadda take ba ni in ina koyon ɗinki. Da ta ga ba abin da zai fito, ta ɗauki jakarta da almakashinta. Ta bar hoton, ta bar agogon. Dogo ne ya raka ta bakin ƙofa ya riƙe mata jaka.

Ɗan Maigida ya ce taro ya yi armashi, a raba biskit.

Asabar

Ban tashi ba. Na ce da yara zazzaɓi ne.

Litinin, da safe

An kawo sabuwar mai haɗa wuya, daga wani gidan ɗinkin aka ɗauko ta. Matar kirki da alama, ta gaishe da kowa. Na zagaya da ita na nuna mata sito da famfo da inda ake ajiye jaka, na kai ta gaban keken da ke kusa da taga.

Ta rage murya ta ce, "Anti, don Allah in tambaye ki tun yanzu. In mutum ya yi kuskure a nan, yaya ake yi?"

Duk layin sun ji ta. Kekuna suka rage gudu.

Na ce, "A nan ba a kuskure."

Ta ce to, ta ja kujerar Yaya ta zauna.